Ranar da Dutsen Bagzan Ya Maimaita Kukana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau dutsen Bagzan ba, kuma ko da na so in manta, akwai mutane daga Maradi har Damagaram da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. (Na ce "na hau", amma ku riƙe kalmar nan da sauƙi tukuna. Za mu zo wurin.)

A lokacin na gama lise, wato babbar sakandare, ba da jimawa ba, ina taya babana zaman shago a unguwar Dagmanet cikin Agadas, ina kuma cikin wani kulob na matasa masu aikin taimakon jama'a. Aikinmu ba wani mai girma ba ne. Mu share harabar dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, mu kwashe ledojin da suka toshe hanyar ruwa kafin damina, mu ba da jini idan an nema. To, a shekarar nan sai aka ce babban taron kulob ɗin na ƙasa baki ɗaya a Agadas za a yi shi. Baƙi za su zo daga Yamai, da Tawa, da Maradi, da Damagaram. Kuma abin da za a rufe taron da shi, shi ne kai kayan lekol, wato makaranta, su kaye na rubutu da alli da alluna, wani ƙauye da ke can saman Bagzan, inda mota ba ta zuwa, sai ƙafa sai jaki.

Yanzu bari in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a wancan lokacin. Ni haifaffen Agadas ne, mahaifiyata kuma a saman Bagzan ɗin nan aka haife ta, amma ni ban taɓa hawan abin da ya wuce soron gidanmu ba. Shi ma soron, idan an aike ni shanya tumatir, a zaune nake yin aikin, ina jan gindi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Hasumiyar babban masallaci kuwa, wadda mutane ke tasowa daga nesa don su hau, ni kullum ina da uzuri. Yau ciwon ƙafa, gobe babana na jirana a shago.

Ranar da baƙi suka iso, bayan la'asar, muna zaune ƙarƙashin rumfa ana dafa shayi, sai wata yarinya ƴar Damagaram mai suna Hadiza, wadda ke karatun aikin jinya, ta tambaye ni cikin natsuwa:

"Kai da kake ɗan gari, dutsen nan da gaske yana da tsawo yadda ake faɗi?"

Tambaya ce kawai. Da na ce "haka nake ji", da an wuce wurin. Amma ta kalle ni da idanun nan nata masu jiran amsa, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Wane tsawo? Ai can ne gidan kakannina. Ina yaro da gudu nake hawansa, in je in sha nonon akuya in dawo."

(Allah ya yafe mini. Nonon akuya ma ɓata mini ciki yake yi.)

Kusa da ita akwai wani ɗan Maradi, Laminu, ƙato mai tumbi, irin mutanen nan da idan suna dariya duk jikinsu ke tayawa. Ya ce shi fa ko matakalar bene ya hau sai ya huta a tsakiya. Maimakon in yi shiru, sai na dafa kafaɗarsa kamar wani likita, na ce:

"Kai dai abokina, ka tsaya gindin dutse ka yi mana gadin mota. Bagzan ba ya son mai nauyi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Perzidan ɗin kulob, wato shugabanmu, wanda yake jin duk abin da ake faɗi, nan take ya ce ai an samu ja-gaba. Ya sa aka ɗauko megafon, abin ƙara muryar nan mai igiyar ratayawa da ɗan mikro a gefe, ya miƙa mini a gaban kowa. Na karɓa da hannu biyu kamar an ba ni sarauta.

Da na koma gida na gaya wa Anna (haka muke kiran mahaifiyarmu), tana tsakiyar tsince shinkafa, sai hannunta ya tsaya. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshi: ganyen shayi, da sukari, da zane sabo wanda ita kanta ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ta ce in kai wa yayarta, Inna Tekna, wadda ke zaune a ƙauyen da za mu je. Rabonsu da ganin juna tun ranar sunana. Inna Tekna ta tsufa, idanunta sun yi rauni, ta daina saukowa, can sama kuma salula ba ta kamawa.

Sai Anna ta ce in ba ta salulata ta yi mata magana. Na kunna wurin ɗaukar murya na bar ta. Ina daga tsakar gida ina jiyo ta tana magana da Tamashek, harshen da nake ji rabi-rabi, muryarta na hawa tana sauka. Da ta fito, idanunta sun yi ja. Ta miƙo mini salular ta ce:

"Kai da kanka za ka sa mata. A kunnen hagu, shi ne mai ji."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ƙara da cewa, "Za ka iya?"

"Haba Anna!"

"To," in ji ta. Irin "to" ɗin nan mai tsawo da iyaye mata ke yi.

Don in cika kamannin ɗan Abzin na gaske, na buɗe akwatin babana na ɗauki rawaninsa na sallah, baƙin nan mai shuni da ƙyalli. Ban iya naɗi ba, amma na naɗa. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe mu da kayanmu har kusa da Tabelot, muka kwana gindin dutse, da safe aka ɗora kwalaye a kan jakunan wani dattijo da aka yi haya, muka kama hanya.

Gaskiya, da farko abin ya yi mini kyau. Hanya ɗaya ce, ko makaho ba zai ɓata ba, tana bi ta tsakanin manyan duwatsu, ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama. Ina gaba, rawani na ƙyalli, megafon a rataye, na maƙala mikro a wuyan rigata don hannuwana su samu damar nuni. Ina ta ba duwatsu sunayen da na ƙirƙira nan take. Wannan "Dutsen Amarya" ne, wancan "Kujerar Kakana". Lokaci-lokaci in juya in ce:

"Doucement, ƴan kudu! A hankali! Wanda ya gaji ya faɗa, ba abin kunya ba ne!"

(Ku lura da wannan maganar. Ni na faɗe ta, da bakina, ta cikin megafon.)

Rana ta yi sama, gumi ya fara bin bayana, amma ina daurewa. Har muka kusa kai wa sama, inda iska ta fara yin sanyi. Sai hanya ta yi kwana.

Ina shan kwanar, duwatsun da ke hannun damana suka ɓace. Babu kome a wurin. Sarari ne kawai, fili, har can ƙasa inda na hango kamiyonmu ya koma kamar kwalin ashana. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wata shirwa da na gani tana shawagi. A ƙasana take. Tun da aka haife ni sama nake ɗaga kai in ga shirwa, yau ga ni ina kallon bayanta.

Ban san lokacin da na zauna ba, ban san lokacin da na rungume wani dutse da ke jikin bango ba, irin rungumar da yaro ke yi wa ƙafar uwarsa a kasuwa. Na manna fuskata a jikinsa, na rufe ido, na fara magana ƙasa-ƙasa, tsakanina da Ubangijina. Haka dai nake zato.

"Wayyo Anna! Wayyo Anna, na mutu! Allah na tuba, ƙarya nake, ban taɓa hawan dutse ba! Ko hasumiya ban taɓa hawa ba! Wayyo Anna, ki zo ki ɗauke ni!"

Sai na ji wani ƙato can tsallaken kwari, da murya kamar tsawa, yana cewa: "Ƙarya nake... nake... nake..." Wani kuma daga bayansa ya amsa: "Wayyo Anna... Anna... Anna..."

Na yi shiru. Su ma bayan ɗan lokaci suka yi shiru. A nan ne na gane cewa mikro yana nan manne a wuyan rigata, dab da bakina, kuma tun gargaɗin da na yi wa ƴan kudu ban kashe shi ba.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan lokacin ba. Duk layin mutanen da ke bayana ya tsaya cak. Har jakuna sun tsaya. Na ji wani ya fara tari, irin tarin da ake yi don a danne dariya, wani ya ce masa "shhh". Na roƙi Allah dutsen da nake runguma ya buɗe in shige.

Takun farko da na ji kusa da ni na Hadiza ne. Ta sa hannu ta danna abin kashe megafon, ƙit, ta cire mini igiyar daga wuya kamar yadda ake cire wa maras lafiya riga. Sannan ta buɗe gorar ruwanta ta kai mini baki.

"Sha. Kar ka duba dama. Dubi dutsen da ke gabanka, ka gaya mini launinsa."

"Baƙi ne," na ce.

"A'a, ja ne. Fuskarka ce ta shafa masa baƙi."

Ashe gumi da hawaye sun jiƙa rawanin babana, shuni ya zubo ya wanke mini fuska tun daga goshi har haɓa. Ja-gaban tafiya, jikan mutanen Bagzan, ya koma shuɗi kamar wanda aka tsamo daga marina.

Ina cikin wannan hali sai na ji numfashi kamar na zugazugi yana matsowa. Laminu ne. Ya ratso mutane, ya zo ya zube tsakanina da ramin nan, jikinsa ya tare mini sararin gaba ɗaya. Ya share gumi, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Alhamdu lillahi da ka zauna, ɗan'uwa. Ni tun ɗazu nake neman wanda zai fara, kunya ta hana ni."

Mutumin da na ce ya tsaya gadin mota ke nan. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Perzidan ya iso, ya duƙa ya ce, "Ça va aller, ba kome. Ba dole ba ne ka ƙarasa. Mutum biyu su raka ka ku koma wurin kamiyo, mu mu kai kayan." Wallahi raina ya so. Hadiza ma ta ce idan akwai saƙon da zan kai, in ba ta ta isar. Har na kai hannu aljihu na taɓa salular. Sai na tuna jajayen idanun Anna, da yadda ta ce "kai da kanka". Idan na koma, me zan ce mata? In ce na kai har bakin ƙofar yayarta na juyo, na ba wata baƙuwa muryarta ta kai?

Na ce, "Ba zan koma ba."

Aka dube ni, irin kallon girmamawa. Sai na ƙarasa: "Amma kuma ba zan iya tashi ba."

A nan ne dariyar da aka danne ta fashe, har da ni a ciki, ina yi ina sharar hanci. Dattijon mai jakuna ya ce abin mai sauƙi ne, a sauke kayan wata jaka, macen jaki, in hau. Aka sauke kwalayen kaye da alli, ƴan Yamai da ƴan Tawa suka raba suka ɗora a kai. Ƴan kudun nan dai da nake ce wa "doucement". Aka kama ni aka ɗora bisa jaka, aka warware rawanin babana aka ɗaure mini ido da shi. (Daga baya na ga hoton wurin. Hanyar tana da faɗin da jaki da kaya ke wucewa har mutum ya bi gefensa. Amma ni a ranar, zare na gani.)

Laminu ya bi ta gefen ramin, hannunsa ɗaya a kan gwiwata, yana haki yana ba ni labarin wata mai tuwo a unguwarsu, yadda take zuba man shanu ba ta jin tausayin ludayi. Duk lokacin da jakar ta yi tuntuɓe na ƙanƙame wuyanta, sai ya ce, "Tsaya, ban gaya maka zancen miyar ba." Da labarin miya ya kai ni saman Bagzan.

Tun kafin a kwance mini ido na fara jin kiɗa da guɗa. Da aka kwance, sai ga duk ƙauyen a tsaye: ƴan lekol a jere, mushensu, wato malaminsu, riƙe da takardar jawabi, mata na buga tende, gangarsu ta turmi, bayansu lambuna kore shar da ban taɓa zaton akwai irinsu a kan dutse ba. Kuma kowa ni yake kallo. Ba don ina bisa jaka ba, ba don fuskata shuɗiya ce ba. Kwarin nan ya kai musu jawabina tun kafin in iso, kalma bayan kalma.

Mushe ya buɗe baki zai fara maraba ke nan, sai wata tsohuwa siririya ta ratso mata tana dogara sanda, tana cewa da Hausarta mai karkacewa:

"Ina mai kiran Anna? Ku kai ni wurin mai kiran Anna."

Na sauko daga jaka, na durƙusa gabanta. Ta sa hannuwa biyu ta shafa fuskata, goshi, hanci, kumatu, har tafukanta suka koma shuɗaye. Sai ta ce:

"Ɗan Mariyama ne."

Ban gaya wa kowa a ƙauyen sunan mahaifiyata ba. Na ce, "Inna, yaya aka yi kika sani?"

"Ina zaune ƙofar ɗaki na ji kukan. Na ce wannan kukan gidanmu ne. A wannan kwanar uwarka ta zauna ranar da za a kai ta Agadas gidan ubanka. Ta rungume dutse tana kiran tamu Annar. Sai da muka ɗaure mata ido da mayafina muka ɗora ta a jaki." Ta yi dariya, bakin ba haƙora sosai. "Kana zaton hidimar gida ce ta hana ta zuwa duk shekarun nan?"

Aka yi bikin miƙa kaya, aka yi jawabai, ban ji ko ɗaya ba. Ina ɗakin Inna Tekna, ta dafa mini wani ganye mai ɗaci ta ce yana kwantar da zuciya. Na ba ta ƙunshinta, ta shinshina zanen ta ɗora a cinya. Sannan na matsa ta hagunta, na kunna salula na kara mata a kunne.

Da muryar Anna ta fito, sai tsohuwar nan ta kama hannuna da salular duka ta danna a kumatunta. Tana amsawa kamar ƙanwarta na zaune a gabanta. Anna ta yi gaisuwa, ita kuma ta amsa. Anna ta tambayi wance, ita kuma ta ce ai ta rasu bara. Da maganar ta ƙare ta ce in sake. Na sake. Ta ce in sake. Hannuna ya gaji, ban sauke ba. Hadiza ta leƙo za ta kira ni cin abinci, ta ga abin da ake ciki, ta saki labulen a hankali ta koma.

Kafin mu rabu Inna Tekna ta yi nata saƙon. Rabinsa kuka ne, rabinsa kuma, ko da Tamashek ɗina rabi-rabi ne, na gane labarina take bayarwa, don na ji ta kwaikwayi "wayyo Anna" har da amsawar dutse.

Washegari da ƙafata na sauko, wannan kam a rubuta mini. Ina riƙe da bayan rigar Laminu, idona a kan dugadugansa, a kwanar nan kuma na koma tsohuwar dabarata ta soron gida.

Anna ta saurari saƙon yayarta a tsakar gida. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta natsu na ce mata, "Anna, kin san ina tsoro, kika bar ni na tafi?"

Ta ce, "Na sani mana. Wa ka gada? Amma kai ka je."

Ta dafa kaina, abin da ta jima ba ta yi ba. Babana kuwa bai ce kome ba sai da ya ga rawaninsa.

Inna Tekna ba ta daɗe ba bayan wannan tafiyar Allah ya yi mata rasuwa. Muryarta na nan a salular Anna, inda na tura mata, takan kunna ta idan ta idar da sallar la'asar. Laminu ya zama amini, duk zuwansa Agadas a gidanmu yake sauka. Hadiza tana aiki a wani asibiti can Damagaram, kuma har yau idan ta kira ni ba ta sallama da sunana. "Wayyo Anna, kana lahiya?" take cewa. Haka duk ƴan kulob ke kirana, har sababbin shiga da ba su san dalili ba.

Abin da na koya? Mutane sun fi yadda nake zato sauƙin yafe wa matsoraci, har kayansa sukan ɗaukar masa. Sai dai idan za ka tuba ga Ubangijinka, ka fara laluba wuyan rigarka. Shi yana ji ko ba mikro.